Harajin kwana a otal, ku sa shi a lissafi tun daga gida

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman ku ƙannenmu na wajen Gumel da Maigatari da Ringim da kuke shirin fita waje karatu ko aiki. Akwai wani ɗan haraji da ba a cika faɗa muku ba, kuma yana kama mutum ne daidai lokacin da aljihu bai da ƙarfi, wato kwanakin farko da kake zaune a otal kana neman ɗakin haya ko kana jiran makaranta ta ba ka hostel.

Harajin baƙi ne, hukuma ce ta sa, mai otal karɓa kawai yake ya miƙa. Don haka kar ka tsaya ciniki da yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi wai ta rage maka, ba nata ba ne. Kamar tikitin da ake yanka wa mai dabba ne ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ba ruwan dillali da shi. Kai dai karɓi rasit.

Inda matsalar take shi ne ka biya kuɗin ɗaki ta intanet tun kana gida, Baba ya sai da buhunan riɗi an haɗa maka komai cif-cif, ka ɗauka ka gama, sai ka isa a ce saura harajin garin, alhali an rubuta shi can ƙasa da ƙananan haruffa ba ka lura ba. Wasu shafukan suna haɗa shi cikin kuɗin, wasu ba sa haɗawa, sai ka duba da kyau.

Kuma kowane gari da nasa salon. Amsterdam ta Holan ita ce mai tsananin, kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki tun 2024, in ɗakin yuro 100 ne ka ga an ƙara 12 da rabi kowane dare, buga shi a naira ka ji. Berlin kashi 7.5 tun 2025. Manchester a Ingila fam 1 ne kan ɗaki a dare tun Afrilun 2023, wannan kam da sauƙi. Masu zuwa Malesiya, mu da muke da ɗalibai da yawa can, ringit 10 ne kan ɗaki kowane dare ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Dubai dirhami 7 zuwa 20 gwargwadon darajar otal. A Faris ta Faransa kuma kan mutum ake lissafawa ba kan ɗaki ba, in kun je da uwargida ku biyu za ku biya, amma yaran da ba su kai 18 ba an yafe musu.

Ni dai ban ga laifinsu sosai ba, baƙi sun yi musu yawa, shara da motocin haya da tsadar gidaje duk a kansu suke, to sun ce baƙon ma ya sa hannu. Amma kai ai ba yawon buɗe ido ka je ba, zama ka je yi, kuma wanda ya kama haya da takardar yarjejeniya ya zama mazauni ba ya biyan wannan. Shi ya sa tun kana ƙauye, ko da sai ka hau tudu neman sabis, ka fara tuntuɓar makaranta da ƴan uwanmu da ke can kan maganar ɗaki. Sannan ka ware ƴan canji daban a kati ko a hannu, kar a taɓa su sai a otal.