Yadda ake kafa murhun itace mai bututun hayaƙi a cikin gida

In hunturu ya kankama a Kaduna, wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu, gidaje da dama kan shigar da kaskon gawayi ɗaki, a rufe ƙofa da taga a kwanta. Garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci bai farka ba. Mai son ɗumi a falo, murhu rufaffe ya kamace shi, mai bututun da zai kai hayaƙi har saman kwano. Aikin na mutum uku ne: mai walda, birkila da kafinta.

Ka fara duba sama kafin ƙasa. Leƙa cikin silin ka ga inda katakon rufi da wayoyin lantarki suka bi, domin hanyar da bututu zai fita ita ce za ta nuna inda murhu zai zauna. Ɗakin kwana kam a cire shi daga lissafi.

Shi murhun, masu walda na kasuwar Panteka ta Kaduna suna iya ƙera shi. Ka ce a yi maka da farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, a jera bulo mai jure wuta a cikinsa, a sa ƙofar da ke rufuwa ruf, da 'yar kafar iska a ƙasa wadda ake buɗewa a rage, da tiren toka, da ƙafafu masu tsawon inci 6 ko fiye. Bakin hayaƙi ya zama inci 6, bututun ma inci 6 tun daga ƙasa har sama. Ganga ba ta yi, saboda ba ta da kauri, tana yin jawur ta hude. Farin ƙarfe mai rufin zinki shi ma a'a: in ya yi zafi rufin na ƙonewa, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Kada murhu ya zauna kan kafet ko ledar ɗaki. A yi masa dandamali na jan bulo, ya zarce bakin ƙofarsa da inci 18, gefe da gefe kuma inci 8, don garwashin da ya faɗo ya tsaya a kai. Tsakanin murhu da duk abin da wuta ke ci, kujera ce, labule ne ko ƙofar katako, a bar ƙafa 3. Bangon bulon siminti ba ya kamawa, amma fenti da filasta na tsagewa, don haka a kafa falen ƙarfe a bayan murhun, a bar ratar inci 1 tsakaninsa da bango, buɗe sama da ƙasa don iska ta riƙa ratsawa.

Inda gidaje ke ƙonewa shi ne wurin da bututu ya ratsa silin. Bututu falle ɗaya na bukatar tazarar inci 18 daga katako, kuma ba a ratsa silin da shi ko kaɗan. Silin na roba narkewa yake yi, na kwali kamawa. Katako kuwa ba lallai ya kama a makon farko ba. Zafin yau da gobe ke busar da shi, yana gasuwa a hankali har ya kai matakin da zafi kaɗan zai tayar da shi, a cikin rufi inda ba mai gani. Shi ya sa wani sai a shekara ta biyu ko ta uku gobara ke tashi. In ta silin za a bi, sai da bututu mai ruɓi biyu da audugar dutse mai tare zafi a tsakani, na kamfani, a bi tazarar da aka rubuta a takardarsa, galibi inci 2. Kafinta ya yi masa firam, a lulluɓe da ƙarfe. In ba a samu irinsa ba, gara a huda bangon bulo a fitar da bututun waje a ɗan karkace sama, sannan ya miƙe, a nisanta shi da katakon bakin kwano. Illar wannan hanya ita ce bututun waje na saurin hucewa, zuƙarsa ta ragu. Duk da haka ta fi a yi kasada da rufi.

Wajen haɗa gaɓoɓi, tsukakken bakin kowace gaɓa ya kalli ƙasa ya shige cikin ta ƙarƙashinsa, a ɗaure da sukuru 3. Masu walda da yawa kan juya shi, a ganinsu hayaƙi sama yake tafiya. Amma baƙin ruwan kwalta da ke taruwa a ciki ƙasa yake gangarowa, in an juya haɗin sai ya tsiyayo ta waje. Lanƙwasa kada ta wuce biyu.

Tsayi shi ke jan hayaƙi. Daga murhu zuwa baki a nemi wajen ƙafa 15. Bakin ya ɗara inda ya fito a kwano da ƙafa 3, ya kuma fi duk wani abu da ke cikin tazarar ƙafa 10 da shi tsayi da ƙafa 2, ko ƙoƙuwar rufi ce ko tankin ruwa. In bai kai ba, iskar arewa maso gabas za ta riƙa turo hayaƙin cikin falo. Abin da ya fito sama a tokare shi da rodi, saboda guguwar farkon damina a nan ba ta wasa da abin da ke tsaye. A sa masa hula da raga mai idon rabin inci. Ragar sauro toshewa take yi nan da nan. Falen tare ruwa a gindin bututu ya shiga ƙarƙashin kwanon sama ya hau kan na ƙasa. Kwaltar liƙe yoyo ba ta da wuri a nan, narkewa za ta yi.

Hayaƙi ba zai fita ba sai iska ta shigo. Gidan da tagoginsa na alminiyam ne masu rufuwa gam, a huda masa kafar iska a ƙasan bango kusa da murhu, kuma kada wani ya cusa mata tsumma don sanyi. Fankar zuƙar hayaƙi ta kicin a kashe ta in wuta na ci, domin tana iya janyo hayaƙi baya.

Gwajin farko da takarda ake yi: a murɗa jarida a kunna a bakin bututu daga ciki. In harshen wutar ya karkata sama, hanya ta buɗe. Wutar kwanakin farko ta zama ƙarama, ginin ya bushe a hankali, taga a buɗe don warin fenti.

Sai itace. Ɗanye shi ke haifar da kwaltar nan, ita kuma ita ce ke kama wuta a cikin bututu. A faskara shi a jera a ɗage daga ƙasa, ya samu aƙalla wata 6. Ƙirya da marke sun fi bukatar lokaci, amma garwashinsu na daɗewa. Busasshe in ka gwara biyu ƙara yake yi kwas-kwas, bakinsa a tsattsage. Ba fetur, ba kalanzir, ba leda, ba katako mai fenti. Kafin kowane hunturu a cire hula a goge cikin bututu da burushin waya, haka ma duk lokacin da kaurin baƙin ya kai milimita 3. Toka a kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi a fitar waje.

A rataya na'urar ƙararrawa mai gano kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana, a kewaye murhu da shingen ƙarfe saboda yara. In mutanen gida suka fara ciwon kai da jiri lokaci guda, a fita da kowa sarari a nufi asibiti. In kuwa bututu ya soma ruri yana yin ja, a rufe ƙofar murhu da kafar iskarsa, a fice, a kira 'yan kwana-kwana.