Yadda Za Ku Sake Buɗe Islamiyyar Unguwa Bayan Kullen Annoba

Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano, bayan kwana biyar gwamnatin jiha ta kulle gari. Makarantu kuwa tun a watan Maris aka rufe su, na boko da na Islamiyya, allunan yara suka yi ta shan ƙura har wajen Oktoba. Ina cikin kwamitin wata Islamiyyar unguwa a lokacin, irin mai aji huɗu da rumfar kwano a tsakar gida. Rufewa ba ta ba mu wuya ba, sanarwa ɗaya aka yi a rediyo muka danna kwaɗo. Buɗewar ce ta sa muka raina kanmu. Cutar numfashi irin wannan tana iya dawowa da wani suna, Allah Ya kiyaye, shi ya sa na tsara matakan nan don shugabannin makarantu da 'yan kwamiti.

Mataki na 1: Ku tantance sanarwar kafin ku taɓa kwaɗo

Duk sanarwar da ta iso muku, ku yi mata tambaya huɗu. Wa ya fitar da ita? Yaushe? Wane yanki ta shafa? Wane irin wuri aka ce a buɗe?

A jawabin da Shugaba Buhari ya yi ranar 27 ga Afrilun 2020 ya ce za a fara sassauta kulle a Legas da Ogun da Abuja daga 4 ga Mayu, a cikin jawabin nan kuma ya sa wa Kano cikakken kulle na mako biyu. Wanda ya ji rabin farko a bakin wani sai ya ɗauka gari ya waye. Haka a watan Agusta, da aka ce ɗalibai su koma ranar 4 ga wata, 'yan ajin ƙarshe ake nufi, masu zana jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17. Amma sai ga iyaye a ƙofar gidan malamai suna cewa ai an buɗe makarantu.

Ku zaɓi mutum ɗaya a kwamiti ya zama kunnen makaranta. Aikinsa ya saurari labaran rediyo safe da yamma, ya duba shafin ma'aikatar lafiya ta jiha da na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ya rubuta abin da aka ce tare da kwanan wata a littafi. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai maganar ba, ko takardar da ba ta da kwanan wata, kada ya shiga littafin nan.

Alƙaluman kullum ma sai da lura. Adadin rana ɗaya ba ya nuna komai, a tara na mako a gwada da na makon da ya gabata. Kuma ƙarancin adadi wani lokaci ƙarancin gwaji ne. A watan Afrilun nan ɗakin gwajin da ke Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, alƙaluma suka yi shiru, alhali masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa ganin yawan gawa haka ba. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Don haka ku haɗa abin da hukuma ta faɗa da abin da idonku ke gani a unguwa: yawan jana'iza, da cunkoso a kemis da asibitin sha-ka-tafi.

Mataki na 2: Ku san jami'in lafiyarku tun kafin buƙata

Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa. Ku je asibitin unguwa ku gabatar da kanku, ku karɓi lambarsa da ta shugaban asibitin, ku rubuta su a bangon ofis tare da 6232, layin NCDC na kyauta. Ku biya ta wajen mai unguwa ku sanar da shi ranar da kuke shirin buɗewa.

Mataki na 3: Ku auna ɗaki, ku nemi iska

A nan ya kamata ku kashe mafi yawan lokacinku, don ƙwayar cutar numfashi a iska take tafiya. Tana fita ne da tari da atishawa da magana, ta taru a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Yanzu ku tuna yadda ajin Islamiyya yake da la'asar: yara sittin a kan tabarma, gwiwa na gugar gwiwa, malam ya biya su amsa da iya ƙarfin muryarsu, taga ɗaya ce kuma an jingine mata tsohon allo. Babu abin da ƙwayar cuta ke so kamar wannan.

Ku ɗauko tef ɗin tela ku auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakanin mutum da mutum, a Najeriya ma mita biyu aka riƙa cewa. Ku shimfiɗa tabarmi, ku sa alama da alli ko fenti a inda kowane yaro zai zauna, ku ƙirga alamomin. Abin da ya fito shi ne adadin da ajin zai ɗauka, ko da rabin ɗaliban ne. Sauran sai a raba su: wasu da safe wasu da yamma, ko wasu Asabar da Litinin da Laraba, wasu Lahadi da Talata, mako mai zuwa a juya. Yaran rukuni ɗaya su zauna da malaminsu ɗaya, kada a riƙa cakuɗa su, don idan wani ya kamu a san su wa ya zauna da su.

Ga wani gwaji mai sauƙi da muka yi amfani da shi. Lokacin da aji ba kowa, ku kunna turaren tsinke a tsakiyar ɗaki, ku buɗe ƙofa da tagogi, ku tsaya ku kalli hayaƙin. In ya kama hanya ya fice, iska na ratsawa. In ya tsaya yana lilo a ƙarƙashin silin, to haka numfashin yara zai tsaya. Irin wannan ɗaki a fasa masa wata taga a bangon da ke kallon ta farko, ko a mai da ajin rumfa ko gindin darbejiya. Fanka a ɗakin da aka rufe juya iskar kawai take yi. Hunturu ne babban gwaji, don kowa so yake ya rufe taga saboda sanyi da ƙura. Ku ce wa iyaye su sa wa yara rigar sanyi da hula, taga ta zauna a buɗe.

Mataki na 4: Ruwa, sabulu da kofin sha

Ku ajiye bokiti mai famfo a ƙofar shiga, da roba a ƙasa mai tare ruwan datti, irin wanda wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro. Kowa ya cuɗa hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20. Man tsabtace hannu yana aiki in sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari, amma yana da tsada kuma wasu iyaye suna ƙyamarsa, sabulun wanki ma ya wadatar. A naɗa wanda zai riƙa cika bokitin, don na ga makarantu da yawa da bokitinsu ya bushe tun mako na biyu ya zama abin ado.

Mu kuma ga inda muka yi tuntuɓe. Mun haɗa kuɗi muka sayi na'urar auna zafin jiki ta goshi, muna ji da ita, kowane yaro sai an haska shi a ƙofa. Rana ta uku na leƙa bayan aji sai na tarar da layi a gaban randa. Moɗa ɗaya ce, jar roba mai tsagaggen baki, wannan ya sha ya miƙa wa na bayansa, wani ɗan ƙarami ma ya mayar da ragowar cikin randar. Washegari muka ce kowa ya zo da gorarsa daga gida, randar kuma muka maye gurbinta da jarka mai famfo. Ku duba naku irin waɗannan: butocin alwala, kwalbar tawada, alƙalamin da ake tsotsa, mushafin da mutum biyar ke leƙawa kai da kai.

Wajen goge hannun ƙofa da benci da banɗaki, ruwan bilic ya isa. In kwalbar ta nuna ƙarfinsa kashi 5 ne, murfi ɗaya a murfi 49 na ruwa. Kada a haɗa shi da wani sinadarin wanki, kuma kada a fesa wa yaro a jiki.

Mataki na 5: Takunkumi da dattawan malamai

Malamai da manyan ɗalibai su sa takunkumin da ya rufe hanci da baki, na yadi a wanke shi kullum. Yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa ba a tilasta musu. Wanda ya fi shiga haɗari a makarantar ma ba yaro ba ne, dattijon malamin nan ne mai ciwon sukari ko hawan jini. A ba shi ajin da ke waje, ko a roƙe shi ya huta ana biyansa. Idan riga-kafi ya iso, kamar yadda ya iso Najeriya a watan Maris na 2021, su ne na farko a layi.

Mataki na 6: Ku zauna da iyaye

Ku kira su rukuni-rukuni a fili, maza daban mata daban, kuma kada a raina taron iyaye mata, don su ne ke fara jin zafin jikin yaro da asuba. Saƙon guda ɗaya ne: mai zazzaɓi, ko tari, ko wanda ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ya zauna a gida. Haka wanda ake jinyar irin wannan a gidansu. Amma maganar ba za ta yi aiki ba sai kun soke bulalar fashi da tarar makara a wannan lokaci. Yaron da ya san dorina na jiransa zai ɓoye ciwonsa ya zo.

Za ku haɗu da masu cewa babu cutar. Wani dattijo ya tare ni ya ce, “Malam, wai mu da muke karatun Alƙur'ani za mu ji tsoron mura?” Na ce, “Baba, Allah Ya ƙara girma, ai Sayyidina Umar ma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da tawagarsa, da aka ce ko gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.” Ya yi shiru, ya ce zai turo jikokinsa da gorarsu. Da na karanto masa alƙaluma da har yanzu muna musu.

Mataki na 7: Ku buɗe kaɗan-kaɗan

Ku fara da 'yan hadda da manyan ajujuwa, su ne ke jin magana. Ku jira mako biyu, don korona kan ɗauki har kwana 14 kafin ta bayyana, in lafiya lau sai a ƙaro na ƙasa da su. A riƙa tashin aji ɗaya bayan ɗaya, kada a sake su gaba ɗaya su yi dafifi a kan mai awara da mai alawa. Walimar sauka da musabaƙa a ɗaga su tukuna.

Rajistar kiran suna ta zama abin lura. A ƙara mata layi ɗaya na dalilin fashi. Yara uku ko huɗu a rukuni ɗaya sun kwanta da zazzaɓi cikin mako guda, wannan labari ne da jami'in lafiya ke buƙatar ji a ranar, ko da daga baya ya zama maleriya ce.

Mataki na 8: Ku rubuta sharaɗin sake rufewa tun yanzu

Sassauta doka ba ya nufin cuta ta tafi. An buɗe makarantu a Oktoban 2020, a Disamba cutar ta sake tasowa, komawa makaranta daga hutun ƙarshen shekara ta kai 18 ga Janairun 2021. Ku zauna tun hankali na kwance ku rubuta: in an tabbatar da mutum ɗaya, rukuninsa da malaminsu za su zauna a gida na kwanakin da jami'in lafiya ya ce; in ta ɓulla a rukuni biyu, ko hukuma ta ba da umarni, a rufe duka. Kowa ya sa hannu, don ranar da abin ya faru son rai da kunyar iyaye ne za su yi magana.

Yaron da ciwo ya kama a makaranta a kai shi inuwa shi kaɗai da babba ɗaya mai takunkumi, a kira iyayensa, a kira asibiti. Sunansa kada ya fita daga ofis, unguwa ba ta manta irin wannan tambari.

A ba kowane ɗalibi shafukan da zai ci gaba da tilawa a gida in an rufe, malam ya riƙa sauraron hadda ta waya ga masu hali. Sannan a buɗe asusu, a riƙa cire wani abu daga kuɗin wata ana ajiyewa. A kullen 2020 malamanmu sun yi watanni ba ko sisi, ɗaya ya koma sayar da gawayi a bakin titi, da aka buɗe kuma sai da muka yi zarya uku gidansa kafin ya yarda ya dawo aji.