Ruwan zafi a kan jaket da but na fata: inda ake kuskure da yadda ake gyarawa

Ruwa da zafi ba aiki ɗaya suke yi wa fata ba, kuma rashin bambance su ne ke lalata yawancin jaket da but da aka jiƙa don a rage musu girma ko a ba su kamannin tsufa. Ruwa yana sassauta zaren fata, ta yi laushi, ta karɓi siffar da aka ba ta, ta riƙe siffar idan ta bushe. Shi kuwa zafi, da zarar ya wuce iyaka, dafa zaren yake yi: fatar ta motse, ta ƙandare, ta yi duhu, kuma ba man da zai dawo da ita. Don haka aikin na ruwan ɗumi ne, digiri 35 zuwa 45 a ma'aunin Celsius, wanda hannu zai iya zama a ciki ba tare da an zabura ba. Tafasasshen ruwa ba shi da gurbi a nan.

Kuskure na farko shi ne jiƙa fata ba a san irin jimarta ba. Wadda aka jeme da sassaken itatuwa tana fara motsewa tun wajen digiri 70 zuwa 85, tana shan ruwa da sauri, tana kuma riƙe siffa sosai. Wadda aka jeme da sinadarin da ake kira gishirin kurom, wato yawancin jaket na kasuwa, tana jure zafi har kusan digiri 100, shi ya sa ruwan ɗumi ba ya rage ta sai kaɗan. A nan ne mutum ke ganin kamar ba abin da ya faru, ya ƙara zafi, ya wanke man da ke cikin fatar. Duba inda aka yanke fatar daga ciki: jimar kurom kan nuna toka-toka mai ratsin shuɗi a tsakiya, in rini bai ratsa ta ba, jimar sassake kuwa ruwan ƙasa ce. Sannan ɗiga ruwa a wani ɓoyayyen wuri. In ya shige cikin minti ɗaya ko biyu, fatar za ta amsa. In ya tsaya a sama, an rufe fuskarta da fenti ko kaki, ruwan zai shiga ta ɗinki ne kawai, ya bar tabo nan da can. Fatar roba ba ta motsewa ko kaɗan, saɓulewa take yi. Fata mai gashi-gashi kuma a bar ta kawai, kada a jiƙa ta.

Jaket ba fata ce zalla ba. Akwai shafi, zif, zaren ɗinki, wani lokaci da bakin hannu na ulu, kuma kowanne da yadda yake amsa ruwa. Fata ta tsuke, shafin naila bai tsuke ba, sai ya riƙa leƙowa ta ƙasa. Kyallen zif bai bi fatar ba, sai gaban rigar ya yi tudu da kwari. Ulu kuwa cukurkuɗewa yake a ruwan zafi. Saboda haka tsoma rigar ɗungurungum ba kasafai yake zama dole ba. In hannu ne ya saki a gwiwa, ko kwala ce ta ƙi kwanciya, fesa wa wurin ruwan ɗumi har ya yi danshi, amma a jiƙa ɓangaren gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki. Jiƙa tsakiya kawai shi ke barin zoben tabo idan ya bushe.

In kuma sai an tsoma, minti 5 zuwa 10 ya isa, a bahon roba. Kada a yi amfani da na ƙarfe mai tsatsa, domin ƙarfe da sinadarin jimar sassake in sun haɗu baƙin tabo suke yi wanda ba ya fita da sauƙi. Kada a zuba garin sabulu, yana tsotse mai, ya bar fatar a bushe. Ruwan zai canja launi, wannan rini ne, kuma yana iya kama shafi mai haske. Ana zuge zif kafin a tsoma. Bayan an ɗaga, ba a murɗewa, ana shimfiɗa ta a tsohon tawul ne, a naɗe, a danna.

Wajen busarwa aka fi yin asara. Jiƙaƙƙiyar jaket tana da nauyi, in aka rataye ta a siririyar hanga kafaɗun za su miƙe su yi ƙaho, wanda ya so ragi ya sami ƙari. A shimfiɗe ake barin ta har ruwan ya daina ɗiga. Tana da sauran danshi sai a saka ta a kan tsohuwar riga na kamar awa ɗaya, ana lanƙwasa hannu, ana miƙa shi gaba, ana zama ana tashi. Layukan da suka fito a gwiwar hannu da kafaɗa a wannan lokaci su ne tsufan da ake nema, kuma sun fi kyau nesa ba kusa ba a kan wanda ake samu ta cukuikuye rigar a dunƙule, wanda ke karya ta a wuraren da jiki ba ya lanƙwasa ta. Daga nan sai inuwa mai iska, da fanka in akwai, kwana ɗaya zuwa biyu. Rana, hita da na'urar busar da gashi duk suna busar da fuskar kafin ciki, ta tsattsage. Ɗaki rufaffe kuma fumfuna yake jawowa.

But ya fi jaket haɗari. Gam ɗin da ke riƙe tafinsa yana sakewa da zafi. A hanci da diddige akwai abin ƙarfafawa da ke narkewa ya lotsa, kuma in ya lotsa ya tafi kenan. Wasu suna da ɗan ƙarfe a tsakiyar tafi da ke yin tsatsa, wasu da shimfiɗar fata a ciki da ke naɗewa in ta sha ruwa ta bushe da gaggawa. Gara a jiƙa saman kawai da soso, a sa safar da aka saba sawa da shi, a ɗaure igiya sosai, a yi tafiya ta minti 30 zuwa awa ɗaya. Jiƙaƙƙiyar fata tana miƙewa inda ƙafa ta tura ta, don haka safa mai kauri faɗaɗa but take yi, ba rage shi ba. Tsawo kuwa ba ya raguwa, tunda tafin ne ke riƙe da shi. But da ya yi yawa, ƙarin shimfiɗa a ciki ne maganinsa. Bayan an cire, a cusa katakon siffar ƙafa ko farar takarda, ana canja ta in ta jiƙe. Jarida tana iya barin tawada a ciki.

Man gyaran fata ake shafawa a ƙarshe, lokacin da fatar ta kusa bushewa, tana da sanyi a hannu amma ba laima. Kaɗan a tsumma, shafa ɗaya, a jira kwana guda kafin a ƙara. Yawan mai yana sa fata ta saki, ta yi duhu, ta riƙa kama ƙura, kuma tsukewar da aka sha wahala a kai ta warware. Wadda ta ɗan yi tauri kawai tana dawowa da mai da murzawa a hankali. Wadda ta motse ta ƙandare har tana karyewa in an lanƙwasa ta, ta dahu, sai baduku ya yanke ɓangaren ya sa sabo. Haka ma jaket da ta fi mai ita da lamba guda cur: wannan aikin mai ɗinkin fata ne, ya farke ɗinkin gefe da na hannu ya rage.