Giyar hannu ko otomatik: yadda zaka zaɓi a-kori-kura da yadda zaka riƙe ta a hanyoyinmu

Ƙanen matata ne ya same ni da maganar satin da ya wuce bayan isha'i, ya tara ribar albasa ta shekara uku yana so ya sayi a-kori-kura, an nuna masa guda biyu a Garwa duk Hilux, ɗaya giyar hannu ɗaya otomatik, yace Yaya wacce zan ɗauka. Nace masa kafin mu taɓa maganar mota sai ka gaya min abu biyu, wace hanya zata riƙa bi, kuma waye zai riƙa tuƙa ta. Ni duka biyun na riƙe, giyar hannu shekara tara, otomatik yanzu shekara huɗu kenan, kuma abinda na gane shine duk wanda yace maka ɗaya ta fi ɗaya kai tsaye bai tambaye ka inda zaka kai ta ba, to bai ba ka shawara ba tukun. Tambayar gaskiya itace ranar da ta tsaya maka, a ina zata tsaya, kuma waye a kusa da zai iya buɗe ta.

Fara da hanya. In aikinka cikin gari ne, Garwa ko Marwa ko Njamena, kullum kana cikin cunkoson 'yan babur, taka burki saki burki, ko kana tsallaka gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena inda zaka yi ta jan ƙafa a layi, wallahi otomatik rahama ce, ƙafar hagu tana hutawa, gwiwa bata ciwo da dare, kuma dattijon da ƙafa ta fara damunsa ita zan ce ya saya ba tare da dogon lissafi ba. Amma in kai mutumin kasuwannin ƙauye ne, Lahadi kana Pitowa, wata ranar kana bayan Gidar ko Mokolo, ko kana bin hanyar nan ta Mora zuwa Waza zuwa Dabanga da kowa ya san wahalarta, to ka tsaya ka yi tunani sosai, saboda a can duk garejin gindin bishiya akwai wanda zai sauke maka bwat ɗin giyar hannu, wato akwatin giya, ya canza faifan ambirayaj, wanda 'yan Najeriya ke cewa kuloci, ya mayar kafin rana ta faɗi, kayan ma in babu a Marwa ana samowa daga Mubi ko Maiduguri. Otomatik kuwa makaniken da ya santa da gaske ba a ko'ina yake ba, da yawa sai an sa mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, in ta lalace sosai mafi yawanci sai dai a nemo wata bwat ɗin gaba ɗaya daga Duwala, mota tana zaune kasuwa tana wucewa.

Ba banza ba Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, lita 4.2 silinda shida giya biyar ta hannu, ta zama motar daji a Cadi. Jerin 70 ɗin nan tun 1984 ake yinsa, kuma mutanen Cadi sun san abinda a-kori-kurar Toyota tayi a yaƙin 1987 wajen Fada har Turawa suka sa wa yaƙin sunan Toyota. Sai a 2023 kamfanin ya fito da 79 ɗin da otomatik mai giya shida da injin 2.8. Hilux kuwa samfurin da ya fito 2015 akwai mai 2.4 akwai mai 2.8, kuma ana samunta da giyar hannu ko otomatik, saboda haka zaɓi yana hannunka.

Abu na biyu direba. In kai kaɗai zaka tuƙa, kowacce ka saya zata daɗe in ka kiyaye. In yaro zaka ba, ko motar gida ce kowa ya ɗauki makulli, to ka sani giyar hannu tana cin ambirayaj a hannun wanda bai iya ba, amma ɓarnar mai sauƙi ce, faifai ne da filato mai matse shi da bute, ɗan ƙarfen da ke tura filaton in ka taka ambirayaj. Otomatik tana haƙuri da sabon direba a cikin gari, sai dai ranar da ya kafe a laka ya yi ta wasa da ita D zuwa R, R zuwa D, wato gaba da baya, yana taka totur, ranar zai dafa maka bwat, kuma wannan ɓarnar ba ƙarama bace.

Yanzu gwaji wajen saye, ka je da sassafe motar tana sanyi, kar ka yarda a ɗumama maka ita kafin ka iso. Mai giyar hannu ka hau kwalta ka sa ta a giya ta huɗu tana tafiya a hankali sai ka taka totur sosai, in ka ji injin ya yi kuka allura ta haura amma gudun bai ƙaru ba, faifan ya ƙare yana sulɓi, ka cire kuɗinsa daga farashi. Ka saurara lokacin da kake taka ambirayaj, in wata ƙara ta taso kamar ana niƙa tsakuwa sai ta ɓace in ka saki, bute ce. Ka shiga kowace giya har ribas, wadda take ƙara ƙarrr kafin ta shiga ko take tsalle ta fita da kanta in ka ɗaga ƙafa daga totur, aikin cikin bwat ne wannan. Otomatik kuma ka taka burki ka sa D ka ƙirga, ya kamata ta kama nan take cikin laushi, in ta yi jinkiri sannan ta buga dum kamar an bugi bayanta, ka yi hattara, haka ma R. In tana da sandar awon mai ka zaro ka goga a farar takarda, mai lafiya ja ne ko ja mai ɗan duhu, in ya yi baƙi yana warin ƙonewa ka bar musu motarsu, in kuma ka ga ya yi kalar madara mai ruwan hoda to ruwan lagireto ya shiga ciki, wannan ma ka wuce. Sababbin da yawa basu da sandar sam, sai a gareji ake dubawa ta ƙasa. Kuma ka tuƙa ta aƙalla rabin awa har ta yi zafi, wasu cututtukan basa fitowa sai mai ya ɗumama.

To ka saya, sai riƙo, kuma a nan nake so in daɗe akan otomatik saboda ita mutanenmu basu saba da ita ba. Babban makiyinta zafi ne, mu kuma ƙasar zafi muke, Maris da Afrilu a Marwa da Kusiri ana haura digiri 40 ba wasa. Tsakanin injin da bwat babu faifan da ke manne su kamar na giyar hannu, mai ne ke juyawa a cikin wani tulun ƙarfe yana ɗaukar ƙarfin injin yana kaiwa bwat, duk lokacin da mota ke fama, lodi ya yi yawa ko tayu sun nutse a yashi, man nan yana ta dukan kansa yana zafi. Ni na gani da idona, wata rana cikin Afrilu na ɗauko buhunan albasa daga wani lambu a bakin mayo, yashi mai laushi wajen kilomita biyu kafin a hau tudu, ina cikin D ina ta turawa sai wata fitila ta kama a gabana an rubuta A/T OIL TEMP, yaron motata yace Alaji kashe ta kashe ta, nace a'a. Na tsaya gindin wata bishiyar darbejiya na sa P na bar injin yana aiki a hankali, saboda in ka kashe man ya daina zagayawa ta wajen sanyaya shi, muka zauna kusan minti goma sha biyar fitilar ta mutu, na sa L4, giyar ƙarfi ta tayu huɗu, muka fita lafiya lau. Daga ranar in zan shiga yashi da kaya tun daga baki nake tsayawa cak, in sa N, in shiga L4, in rage iskar tayu kaɗan. Kuma gaskiya a yashi otomatik tana da daɗi, tana canza giya ba tare da ta yanke ƙarfi ba, giyar hannu kuwa daƙiƙar nan da ka taka ambirayaj zaka canza, ita ce motar ke nutsewa, shi yasa mai giyar hannu ya zaɓi ta biyu ko ta uku a L4 tun kafin ya shiga ya riƙe ta har ya fita.

In kana ɗaukar kaya kullum ka sa a ƙara maka ƙaramin lagireton man bwat a gaba, kuɗinsa bai kai komai ba akan kuɗin bwat. Man kuma kar ka yarda a zuba maka kowane jan mai don kawai ja ne, Toyota sababbi WS suke sha, tsofaffin wasu T-IV wasu Dexron, ka duba littafin motar ko jikin sandar awo, kuma ka saya a shagon da ka yarda da shi a rufe da hatiminsa. Masu cewa wai man otomatik ba a canza shi har abada, wannan magana bata yi da mai lodi a ƙurarmu da zafinmu ba, littafin ma ya ware wa aiki mai wahala lokacinsa daban.

Sai maganar batir, wadda ita ce ta fi kama mutane a daji. Giyar hannu in demarer, wanda ke tada injin, ya ƙi, ka kunna makulli, ka sa ta biyu, samari huɗu su tura, ka saki ambirayaj ta tashi, sai dai sababbin injinan gazuwal masu kwamfuta suna buƙatar ɗan wuta a batir ko da turin ne. Otomatik kuwa ko mutanen kasuwa duka suka taru bata tashi da turi, saboda haka igiyar jona batir ta zauna a bayan kujera kullum, batir ya fara rauni ka canza kar ka jira. Haka ja, kar ka bari a ɗaura mata igiya a ja ta nisa tayu huɗu a ƙasa injin a kashe, famfon mai baya aiki, cikin bwat yana juyawa a bushe. Ko a ɗora ta akan babbar mota, ko a kwance farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai juyi zuwa tayun baya.

Gangaren Falez tsakanin Ngaundare da Garwa kowa ya san rayukan da ya ci, kana saukowa daga tudun da ya haura mita 1,000 kwana bayan kwana. Mai giyar hannu ka sauka da giyar da zaka hau da ita, ta biyu ko ta uku, injin ya riƙe motar. Mai otomatik kar ka bar ta a D kana kwance akan burki har ya yi zafi ya daina kamawa, ka ja sandar zuwa 2 ko L, in sabuwa ce ka tura gefen S ka rage da hannu. Kuma don Allah ɗabi'ar nan ta sa firi a gangare wai ana tsimin mai a daina, a kowace irin mota ce, da kaya a baya ba abinda ke riƙe ka sai burki kaɗai.

Giyar hannu riƙonta bashi da yawa, ka sauke ƙafa daga kan ambirayaj da zarar ka gama canji, kar ka riƙe mota a hawa da rabin ambirayaj, burkin hannu na nan, kuma da lodi mai nauyi kar ka yi saurin zuwa giyar ƙarshe injin yana shaƙewa. Lodin ma a ji tsoron Allah, Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka har da mutanen ciki, mu kuma mun san abinda ake ɗora mata ranar kasuwa.

Damina kuma wata duniya ce, Agusta in karal ta jiƙa, baƙar lakar nan da ake dasa masakwa a cikinta, tana kama taya kamar danƙo. In ka kafe ka sauka, ka haƙa, ka sa itace ko ciyawa, ka nemi a ja ka, kar ka zauna kana murza tayu, mai giyar hannu zai ji warin faifai, mai otomatik shi ba zai ji komai ba sai daga baya. Tsallaka mayo kuma ka fara shiga da ƙafa ka ga zurfin, mai giyar hannu ya zaɓi giya ɗaya kar ya taka ambirayaj a tsakiyar ruwa don laka na shiga tsakanin faifai, in kun fita washegari a duba man bwat da na gadar baya, wato tulun ƙarfen da ke tsakanin tayun baya, in ya yi fari ruwa ya shiga a zubar a sa sabo. Ka kuma tuna ka fita daga H4, giyar tayu huɗu ta gudu, in ka hau busasshiyar kwalta.

Ƙaramin abu guda da nake ganin masu otomatik suna yi kullum a ƙofar masallaci, mota bata gama tsayawa ba an jefa P, ko a gangare a sa P a saki burki motar ta yi baya ta rataya. Wani ɗan ƙaramin haƙorin ƙarfe ne a ciki ke riƙe da nauyin motar duka da kayanta. Ka tsaya cak, ka ja burkin hannu, ka saki na ƙafa motar ta zauna akansa, sannan ka sa P.

Shi dai ƙanen matata lambunsa yana can bayan Gidar, hanyar laka ce wata huɗu a shekara, kuma ƙaninsa ne zai riƙa kai kaya kasuwa, nace masa ya ɗauki mai giyar hannun. Mun koma da sassafe muka gwada ta a giya ta huɗu ta ɗan yi sulɓi, aka rage mana kuɗin faifai da filato da bute, gobe in Allah ya kai mu makanike zai sauke bwat ɗin a canza su duka uku lokaci guda tunda an riga an buɗe.