Yadda na gyara babur mai injekta da ke sarƙewa a Jidda

Babur ɗin yana tashi lafiya, amma da an ba shi wuta sai ya sarƙe. Na kwance fulogi, ashe marar R aka saka masa, wato marar rizista, abin da ke hana wutar fulogi damun na'urorin lantarki. Irin wannan fulogi wutarsa tana rikita ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, babur mai injekta (na'urar fesa fetur cikin inji) kuwa ba ya jure haka.

Na sa fulogin kamfanin NGK mai lamba CPR8EA-9, wanda littafin babur ɗin ya nuna. R ɗin rizista ce, 9 kuma tazarar bakin fulogi inda wuta ke tsallakawa, milimita 0.9. A lissafin NGK lamba 8 ta fi 7 sanyi, wato ta fi saurin fitar da zafi, da zafin Jidda kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta. Wajen saka fulogin, bari inji ya huce tukuna, ka fara ɗaurewa da hannu, sannan sifana zuwa Nm 12 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. In ka zarce, zaren kan silinda zai lalace.