Kafin ka biya kuɗin fili, kai safiyo ya auna

Fulotin da na fara saye a Birnin Kebbi, can gefen Gesse, dillali ne ya auna min shi da taku. Ya tsaya gindin wata bedi, ya ce "Alhaji, daga nan zuwa wancan bulo naka ne, hamsin da ɗari cif." Na biya, na ba shi la'adarsa. Sai da aka zo haƙar tushe magini ya ja tef, faɗin ya tsaya a ƙafa 43. Katangar maƙwabci ta cinye bakwai, kuma shi yana da takarda, ni sai rasit na hannu. Ɗakin baƙi da na zana a raina ya koma shago ɗan tsukuku.

Tun daga nan na sauya tsari. Kuɗin awo na fara cirewa, kuɗin fili ya biyo baya.

Ka nemo safiyo, wato mai awon ƙasa, da kanka, ba wanda mai fili ko dillali ya kawo ba. Ka tambaye shi ko yana da rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu awon ƙasa rajista a Najeriya. Yara masu riƙe na'ura suna da yawa a gari, wasunsu sun iya aiki, amma taswirar da ba hatimi da sa hannun mai rajista ba za ta yi maka rana a ma'aikata ko kotu ba.

Ranar awo kada ka aika yaro, ka je da ƙafarka. Ka gayyaci mai filin, da maƙwabtan kowane ɓangare, da mai unguwa ko wakilinsa. In filin gado ne, a nan za ka fi yin taka-tsantsan: magada su hallara, ko su ba da wakilci a rubuce, har da mata. Na ga cinikin da ya rushe bayan shekara uku saboda wata ƙanwa da ke aure a Jega ba a shawarce ta ba. A gaban kowa za a kafa dutsen siminti a kowace kusurwa, wanda ake ce wa bikon, kowanne da lambarsa. Ka tsuguna ka karanta lambobin, ka ɗauki hotonsu a waya. Idan taswira ta fito, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da na takarda. Ka duba girman kuma: ƙafa 50 da 100 yana kama murabba'in mita 465 ne. In ka ga 400, to tambaya ta kama ka tun kafin kuɗi su bar aljihu.

Abin da mutanenmu suka fi tsallakewa shi ne mataki na gaba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, abin da kake saye haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 ga gidan zama. Saboda haka ka sa safiyon ya kai lambobin wurin ma'aikatar filaye ko KEBGIS, ofishin da ke adana bayanai da taswirar filayen jihar Kebbi, a ɗora su a kan taswirar gwamnati. A nan ake gane ko filin ya hau kan titin da aka tsara, ko wurin da aka ware wa makaranta ko maƙabarta, ko an riga an ba wani. Idan mai filin yana da takardar C of O, wato shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa, a bincika fayil ɗin, a tabbatar sunansa ne kuma ba a jinginar da ita a banki ba. Mayar da ita sunanka yana bukatar amincewar gwamna, kada wani ya ce maka takardar ciniki ta wadatar.

Ɗaga kai ma ka duba sama. Babban layin wuta da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi ana bar masa mita 25 ta kowane gefe, duk arahar fili a ƙarƙashinsa rusau kake saya.

Akwai abin da na'ura ba ta cika faɗa ba, wato ruwa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san abin da nake nufi. Filin da ke kwance lafiya a watan Maris yana iya zama tafki a Agusta, musamman ta ɓangaren fadama. In da hali ka leƙa wurin da damina. In ba hali, duba ƙasan katangun maƙwabta, layin danshi ba ya ɓuya, sannan ka tambayi tsohon da ke noma kusa, ba dillali ba.

Sai duk wannan ya kammala ake rubuta takardar ciniki, a sa lambar taswirar da lambobin bikon a cikinta, shaidu su sa hannu. Biya ta banki. Ni dai washegari nake kai bulo, ko jeri uku ne a zagaye, don na taɓa samun bikon ɗina ya yi tafiyar ƙafa biyu cikin dare.