Sha-kauci ba kolibiri ba ne, ku daina

Na gaji da gyara magana ɗaya a bakin yaran da ke koyon rakiyar masu kallon tsuntsaye a dajin Waza da na Benuwe a Kamaru. Da sun ga ɗan tsuntsu mai dogon baki a lanƙwashe yana tsotsar fure, sai su ce kolibiri, don shi suka gani a littafin Faransanci na makaranta. Babu kolibiri a Kamaru, babu a Afirka kaf. Tsuntsun nahiyar Amurka ne, danginsa Trochilidae, kuma ba ya ma cikin rukunin tsuntsaye masu waƙa. Namu, wanda muke kira sha-kauci a gida, Faransawa kuma su ce souimanga, ɗan dangin Nectariniidae ne, masu yaɗuwa daga Afirka zuwa Asiya har Ostireliya. Yawanci sauka yake a reshe ya sha, ba ya daɗewa tsaye a iska.

Wannan kuskuren ya taɓa raba ni da aiki. Na raka wasu baƙi daga Marwa, na nuna musu wani jinsin sha-kauci, Cinnyris pulchellus, a kan kaucin wata bishiya, na ce kolibiri. Tsohuwar cikinsu ta rufe littafinta ba ta ce komai ba. Washegari wani suka ɗauka, kuɗin kwana huɗu ya tafi. Har yau ina jin zafinsa.

Kuskure na biyu, macen sha-kauci. Namiji ne mai sheƙi, ita kuwa toka-toka ce da ɗan rawaya a ciki, sai ka ga yaro ya rubuta ta a matsayin wani jinsi daban. Haba! Shi kansa namijin pulchellus yakan zubar da adonsa in lokacin aure ya wuce. Ni dai ba na rubuta sunan mace sai na zauna na ga wanda take bi, ko da zai ci min rabin sa'a. Ku kuwa sauri kuke kamar ana korar ku.

In ka ga wani guntun tsuntsu kamar an yanke masa wutsiya yana tsintar ƙwari, Sylvietta brachyura ne, dangin Macrosphenidae, ba ruwansa da sha-kauci. Hedydipna platura kuma bakinsa gajere ne, amma shi ma sha-kauci ne. Tsoffin littattafai sun tara jinsunan sha-kauci da yawa ƙarƙashin sunan Nectarinia, saboda haka duba shekarar bugun naka kafin ka yi musu da kowa.